Yadda Aka Tuɓe Min Rawanin Injiniya a Falon Hajiya

Waɗanda suka zo bikin autarmu sun san ɗan gwaggon nan namu, mai yawo da iPhone 13 kamar gwamnati ce ta ba shi kwangilar ɗaukar hoto. Shi ya ɗauki kamu da yini da kai amarya, duk a 4K, hoto 60 a daƙiƙa ɗaya, ya zuba min a filas ya ce, "Yaya, ka haɗa wa su Hajiya su gani a babbar talabijin." Ni kuwa tun ranar da na dawo wa Hajiya, mahaifiyarmu, da tashoshinta da suka ɓace aka naɗa ni injiniyan gida, don haka na ce ya bar komai a hannuna.

Kwamfutar tawa ma kun san ta. HP Compaq Elite 8300, ƙaramin akwatin nan na ofis da ake kwantarwa a kan tebur, 'yar 2012, Core i5-3470, RAM gig 8. Shekara da shekaru tana kunna 1080p ko tari ba ta taɓa yi ba. Na danna bidiyon kamu. Murya ta yi gaba abinta, hoto ya tsaya yana shawara. Sai guɗa ta tashi ta sauka, sannan mai guɗar ta fara kai hannu hanci. Amarya kuwa tafiyar hawainiya take, taku ɗaya, tsayuwa, can kuma sai ka gan ta a bakin ƙofa ba ka ga lokacin da ta je ba. Fanka tana kuka kamar injin markaɗe. Na danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager ya nuna furosesa ta cika maƙil, 100 bisa 100.

Na jefa fayil ɗin a MediaInfo, manhajar da ke tona bayanan bidiyo, ya ce salon matsewarsa HEVC ne, mai bit 10, 3840 a 2160. Nan take na gano ciwon. Kowane bidiyo a matse yake zuwa, sai an kwance shi kafin ya hau allo, kuma a cikin sashen hoto na kwamfuta akwai wani ɗan lungu da ba shi da aiki sai wannan kwancewar. Nawa, HD Graphics 2500, ya iya tsofaffin salo irin su H.264 da MPEG-2 da VC-1. HEVC kuwa sai 2013 aka kammala tsara shi, shekara guda bayan an haifi kwamfutar. Kamar ka miƙa wa ɗan boko zalla wasiƙar ajami ne, sai ya tura wa furosesa ta yi ta haɗa baƙi da hannu. Hoton 4K guda ɗaya ɗigo ne sama da miliyan 8, ninki huɗu na 1080p. Ka buga sau 60, kusan ɗigo miliyan 500 ke nan kowace daƙiƙa. Dole baiwar Allah ta yi kuka. Magani shi ne katin hoto, girafik inji 'yan kasuwa, wanda ya iya karanta HEVC da kansa.

Har zuwa nan ban yi kuskure ko ɗaya ba, kuma ina so a rubuta a ajiye.

A kasuwa wani yaro ya tare ni da kwali mai sheƙi. "Oga, GTX 1050 Ti ne, gig 4, sabo dal." Kuɗin da ya faɗa bai kai rabin abin da na sani ba. An ce banza ba ta kai zomo kasuwa, ni kuma ranar karin maganar ba ta biyo ni ba. Na biya, na taho ina jin na cuci yaro.

A gida kati ya ƙi shiga. Ƙarfen bayansa dogo ne, wajen santimita 12, akwatina kuma gajeren ƙarfe yake ɗauka, mai kusan santimita 8. Da na dosa shi a rami sai ya yi tsaye ƙiƙam kamar raƙumi a bayan a-kori-kura, murfi ba zai rufu ba ko da addu'a. Sannan ga wani soket mai huji 6 a gefensa yana jiran wuta. Ramin PCIe, wato inda ake cusa kati a jikin bod, da kansa wat 75 yake bayarwa, duk katin da ya fi haka ci sai an ja masa waya daga fawa fak, nawa kuwa wat 240 ne gaba ɗayansa, kuma ba shi da wannan wayar. Wato akwai wata mai huji 6 da ta yi kama da ita, amma ita ce ke ciyar da bod ɗin kansa, kuma jerin wayoyinta daban ne. Har na fara jan ta kafin hankalina ya dawo daga inda ya je. Kada wanda ya gwada.

Abin da ya kamata in gani tun a shago shi ne ramin VGA, shuɗin nan mai huji 15, zaune a bayan katin. Tun daga jerin GTX 10 Nvidia ta daina fitar da tsohuwar siginar VGA, saboda haka 1050 Ti mai shuɗin rami abin a tsaya a ƙara dubawa ne. Na kai shi wurin wani mutumina mai babbar kwamfuta, muka kunna GPU-Z, manhajar da ke nuna abin da ke cikin kati. Na gaskiya ƙwayoyin aiki 768 gare shi. Wannan 192. GTS 450 ne na 2010 aka sauya wa suna a cikin ƙwaƙwalwarsa aka sa masa sabuwar riga. Wato na je sayo wa tsohuwa magani na dawo da yayanta.

Yaron ya rantse shi ma haka aka kawo masa, ya ce in karɓi GT 730 mai gig 4 a madadinsa, "gig ɗin ai ɗaya ne, Oga." To a nan ne yawancin mutane ke faɗawa rami. Gig ɗin kati faranti ne, girmansa ba shi ke dafa tuwo ba. GT 710 da GT 730 duk ba su san HEVC ba, ko gig nawa aka rubuta a kwali. Kai, har GTX 970 da 980, da tsadarsu da komai, ba su da cikakken mai kwance HEVC, alhali ƙannensu 950 da 960 suna da shi, don su aka yi daga baya. Bayan doguwar muhawara da sa bakin maƙwabcinsa na ƙara kuɗi na karɓi GT 1030 na hannu. Ɗan ƙaramin abu ne na 2017, gig 2, wat 30 kacal, ba ya neman ƙarin waya, yana da HDMI 2.0, yana kwance HEVC mai bit 10 da VP9 na YouTube. Iri biyu ne, a duba takardar da ke manne a bayansa: mai ƙwaƙwalwar GDDR5 yana jan kusan gig 48 a daƙiƙa, mai DDR4 bai fi 17 ba, suna ɗaya kuma sau da yawa kuɗi ɗaya. Na ɗauki mai GDDR5. Abin da ba ya yi shi ne sabon salon AV1, wannan sai sababbin katuna irin su RTX 30 zuwa sama ko Intel Arc, kuma ba shi da sashen matse bidiyo, don haka mai aikin tace finafinan biki ya nemi wani.

Gajeren ƙarfensa ya ɓace a hannun mai shi na farko. Na kwance dogon, noti biyu na gefen DVI da filaya, ɗaya da sukudireba, na kai wa mai walda na bakin layi ya yanke ya lanƙwasa. Ya tambaye ni ko na tarkon ɓera ne.

Daren Juma'a na yi aikin yadda ake yi. Na kashe, na zare wayar wuta, na danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 10 don ragowar wuta ta fita, na taɓa ƙarfen akwati, na ɗaga koren marfin da ke riƙe ƙarafan baya. Dogayen ramuka biyu ne, baƙi da fari. Baƙin shi ne cikakken x16, wato mai cikakken ƙarfi, nan na danna kati har ya ce ƙas. Na haɗa ƙaramin allona da wayar DVI. Mai allon VGA zalla ya sani, ɗan adaftan nan na DVI zuwa VGA ba zai ma shiga ba, don ramin katin DVI-D ne, babu hujojin nan huɗu na gefe. Sai ya sayi mai juya HDMI zuwa VGA. Na sauko da direba, manhajar da ke sarrafa katin, daga shafin Nvidia, ya cinye min data ya sha ruwa. A VLC, manhajar kallon bidiyo, na shiga Preferences, Input/Codecs, na sa kwancewar ta koma Direct3D11. Na danna bidiyon kamu. Jama'a, amarya ta yi tafiya irin ta mutane. Furosesa ta sauko ƙasa da 15, layin Video Decode na katin ya ɗauki aikin. Na kwanta ina murmushi ni kaɗai.

Asabar bayan la'asar falon Hajiya ya cika. Gwaggo, matan yayyena, uwar ango da 'yan rakiyarta su uku, yara a zube a kan kafet, zoɓo da ragowar cincin da dubulan na zagayawa, janareta na ruri a tsakar gida. Da Kawu. Zan dawo kan Kawu.

Na ɗauko kwamfuta na ajiye a ƙarƙashin talabijin, na zura hannu ta baya ba tare da na leƙa ba, na lalubo inda na saba, na cusa wayar HDMI. Da a nan na tsaya na kunna, da abin ya zo da sauƙi. A'a, sai da na miƙe na yi jawabi. Na ce wa surukan gidanmu abin da za su gani yanzu ko a gidan talabijin sai an tona. Na ce za su iya ƙirga duwatsun da ke jikin leshin amarya ɗaya bayan ɗaya. Na ambaci ɗigo miliyan 8. Uwar ango ta ce, "Ikon Allah." Na danna maɓalli.

No Signal.

Ɗan akwatin rubutun yana yawo a allo, ya bugi wannan kusurwa ya koma waccan. Na ce tana ɗan ɗumama ne. Na ɗauki rimot, HDMI 1, babu. HDMI 2, babu. HDMI 3, babu. Na koma 1 ko ta sake shawara. Na kashe na kunna. Falo ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar cincin a bakin yara.

"Injiniya," inji Kawu daga kan kujera, "ɗan buge ta a gefe."

To, Kawu. Kun san shi, ba sai na ce komai ba, amma zan ce. Mutumin nan ya yi gyaran rediyo da talabijin mai baƙi da fari tun ana sa musu ƙofar katako, kuma daga wancan zamani zuwa yau ilminsa bai wuce abu biyu ba: a hura, a mara. Waya ta ƙi caji, a hura. Firji ya ƙi sanyi, a mara. Abin haushin kuma shi ne yakan dace, don a tsofaffin kayan nan dalma ce ke sakin jiki, mari ya mayar da ita, shi ya sa ba a isa a gaya masa komai ba. Shi ne ya karɓi mitata ta gwajin wuta tun kafin korona, wai zai duba batirin mota ya dawo da ita da yamma. Duk sallah in na je gaishe shi ina ganinta a kan taga, ya ɗora mata carbi. Da na yi maganarta sau ɗaya cewa ya yi, "Wacce? Tawa?" Hajiya kuma ta harare ni, wai ƙaninta ne. Mita mai kyau, mai ƙara in waya ta haɗu. Ko amfani da ita bai iya ba, a ma'aunin da na bar ta a nan take har yau.

Na ce, "Kawu ku yi haƙuri, wannan ba irin waccan ba ce." Ya ce, "Duk wuta ce."

Sai na ɗora wa waya laifi. Na juya na yi wa taron mata bayani, da hannu da komai, cewa tsohuwar HDMI 1.4 gigabit 10.2 take ɗauka, 4K mai hoto 60 kuwa sai mai 18. Maganar gaskiya ce, sai dai ba ita ce matsalar ba, kuma ko da ita ce ai da hoto ya fito ko yana ɗaukewa. Na san haka. Bakina ne kawai ke neman mafaka. Na zaro kuɗi na tura yaro a adaidaita ya sayo sabuwa. Minti 25 muna zaune. A cikinsu ne na ji uwar ango ta sunkuya ta tambayi Hajiya a hankali, irin hankalin da kowa ke ji, "Shi a ina ya yi karatun nasa?" Hajiya ta ce, "A'a, shi dai yana taɓawa."

Yana taɓawa. Uwar da ta haife ni.

Sabuwar waya ta zo. Na zare tsohuwa, na cusa sabuwa a daidai wurin da na ciro waccan. No Signal. Na buɗe akwati a gaban baƙi, na zare kati na mayar, na zare RAM na goge na mayar, gumi na ɗiga daga haɓata yana sauka a kan fawa fak. Kawu ya taso da kansa, ya dafa kafaɗata, ya sunkuya ya hura wa bod iska, ƙura ta tashi ta shige min hanci. Ina atishawa ina rufe murfi.

'Yar yayana, mai shekara 9, 'yar aji huɗu, cincin ɗinta ne ya gangara bayan tebur ta rarrafa ɗaukowa. Daga can ƙasa muka ji muryarta.

"Baffa, wannan sabon ramin na gefe na mene ne? Shi ba a sa masa komai?"

Na leƙa. A karo na farko tun da na shigo falon, na leƙa. Ga ɗan adaftan DisplayPort zuwa HDMI da na shekara uku ina amfani da shi, yana nan maƙale a tsohon ramin bod, ga sabuwar wayata a cikinsa. Can gefe kuma ga ramin HDMI na katin da na sha wahalar kasuwa biyu da mai walda a kansa, fes, ko ƙura bai taɓa gani ba. Irin waɗannan kwamfutoci da zarar sun ji an sa musu kati sai su rufe ramukan bod, hoto ya koma fita ta kati kaɗai. Wannan shi ne abu na farko da nake gaya wa duk wanda ya sayi kati. Na gaya wa mutum ya fi goma. Na taɓa yi wa wani dariya a kansa har da riƙe ciki.

Na zare wayar a hankali, ina fatan in mayar ba tare da kowa ya lura ba. Daidai lokacin da ta shiga ramin kati, daidai lokacin Kawu ya ɗaga hannu ya sharara wa akwatin mari. Tas! Allo ya kawo.

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Kawu ya koma kujerarsa yana gyara hula, bai ce komai ba, wanda ya fi min ciwo a kan ya yi magana. Rabin falo suka ce marin ne, rabi suka ce yarinyar ce, aka shiga yi mata "Allah ya yi miki albarka, kai, yaran yanzu." Uwar ango ta buɗe jaka ta ba ta kuɗin alewa. Babu wanda ya kawo sunana a cikin lissafin, ko a matsayin wanda ya riƙe wayar. Har yanzu in na rufe ido ina jin "shi ba a sa masa komai?" da 'yar muryar nan tata, ba da rashin kunya ba, tambaya ce tsakani da Allah, abin da ya sa ba ni da ko wanda zan yi fushi da shi. Sai Kawu.

Kuma ba a gama ba. Hoto ya fito, murya kuma sai ta riƙa fitowa daga 'yar lasifikar cikin akwatin HP, guɗar mutum ashirin kamar kukan sauro. Sai da na danna alamar lasifika a ƙasan allo na zaɓi sunan talabijin. Sannan Gwaggo ta matso ta ƙura ido ta ce, "Wai wa ya shafa wa yarinyar nan toka? Na faɗa muku mai kwalliyar nan ba ta iya ba." Aka yi minti biyar ana cin naman baiwar Allah mai kwalliya, alhali laifin saiti ne: katin yana aiko launi a taƙaitaccen ma'auni, 16 zuwa 235, talabijin tana jiran cikakke, 0 zuwa 255, sai baƙi ya koma toka-toka. A Nvidia Control Panel, wurin Change resolution, na mayar da Output dynamic range zuwa Full, fuskar amarya ta dawo. Ban wanke mai kwalliya ba, ina da nawa matsalolin. Na kuma lura motsin bai kai santsin daren jiya ba, ashe Windows a 30 ta tsaya, don yawancin talabijin masu 4K sai ka shiga saitinsu ka buɗe wa ramin cikakken ƙarfinsa. Samsung na kiransa HDMI UHD Color ko Input Signal Plus, LG kuma HDMI Ultra HD Deep Colour, wasu su ce Enhanced. Ina cikin laluben wannan da rimot, menu ya rufe fuskar ango, aka kira magariba.

Minti huɗu suka kalla. Uwar ango ta ce ya yi kyau ƙwarai, a tura mata ta WhatsApp.

Washegari ɗan gwaggon ya zo karɓar filas ɗinsa. Yana tsaye yana cin ragowar dubulan ya ce, "Yaya, wai me ya sa ba ka sa shi a jikin talabijin ɗin ba kawai?" Ya zagaya ya cusa a ramin USB. Filas ɗin a tsarin ajiya na exFAT yake, tunda 4K mai hoto 60 na iPhone yana cin kusan megabait 400 a minti, tsohon tsarin FAT32 kuma ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gig 4. Talabijin ta karanta, ta kunna, sumul, da murya da launi da komai, don ita ma tana da nata mai kwance HEVC a ciki. Wannan ma na sani. Ko HandBrake, manhajar sauya salon bidiyo, da na bar wa fayilolin a daren farko ya mayar da su 1080p H.264, da tsohuwar ta kunna su ba ko sisi.

Yanzu dai katin yana nan yana aiki, YouTube a 4K ba ya ko motsi, in data ta yarda. Yarinyar ake kira Injiniya. Jiya an aiko daga gidan maƙwabta ana neman Kawu, injin wankinsu ya tsaya. Noti ɗaya kuma ya rage min a aljihu, na duba ko'ina ban ga inda ya fito ba.